Yadda Yaya Isufu Ya Zama Mawaƙi Bayan Rasuwarsa

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Isufu, mai shagon atamfa a titin Fordham Road, nan New York, Allah Ya ji ƙansa. Mutum ne mai murya. In ya tsawata wa yaro a Bronx, sai wani yaron ya nutsu a Maraɗi. Abu ɗaya ya tsana fiye da sanyin garin nan: kiɗa.

Sai Allah Ya ba shi 'ya, Rakiya. Yarinya ta taso ta shiga ƙungiyar 'yan Meziko na unguwa, masu haɗa kiɗan iyayensu na mariachi, mai ƙaho da goge da malafa kamar faifai, da punk, kiɗan da ake ihu ana dukan ganga kamar ta ci amana. Ranar da ya dawo daga shago ya tarar da ita a falo tana kaɗa jita tana naɗa a waya, ya tattaka jitar, ya daka tsawa: "Fita min daga gida!" Ta fita. Har ya koma ga Allah bai ƙara kiran sunanta ba.

Ranar sadakar uku muna zaune da malamai a gidansa a unguwar Morrisania, sai ga abokanta sun hau bene sanye da malafu. A al'adarsu mamaci da kiɗa ake raka shi, su a ganinsu girmamawa suka kawo. Suka busa ƙaho a tsakiyar addu'a. Wallahi liman, da ciwon gwiwarsa, ya riga kowa sauka, ya bar takalmi. Ni dariya ta kusa haɗa ni da Yaya a ranar. Dangi kuwa suka ɗora wa Rakiya laifi, aka rufe mata ƙofa a karo na biyu.

To Yaya, ga labarin da ban so ya wuce ka ba. Ashe wayar nan ta naɗe tsawarka. Rakiya ta ɗora ta a waƙa, bayan ƙaho, kafin ganga. Bara na leƙa wasansu, na ga ɗaruruwan yara masu koren gashi, waɗanda ba su san ko "sannu" ba, suna tsalle suna ihu da Hausa: "Fita min daga gida!" Kai da ko rediyon mota ba ka kunnawa, yau kai ne jagoran amshi. Da kana nan da ka tattaka New York gaba ɗaya.

Shagon ya koma wurin gyaran farce. Atamfofin an raba. Abin da ya rage naka a duniya kalma huɗu ne, kuma rawa ake da su.

Bana na lallashi uwarta da dangi, na kira Rakiya ta zo sadakar shekara. Na ce, "'Yata, an huce, ki dawo gida."

Ta ce, "Baffa, kullum ina jin Baba. Cewa yake in fita. Ban taɓa jin ya ce in dawo ba."