Gwafa Huɗu a Bakin Rijiya Ɗaya

Ana sallame sallar asuba ranar Lahadi muka bar Zinder, mu uku a bayan kamyon gyaɗa, za mu ci kasuwar Mirriya. Ni dillalin fata ne. Jar fatar akuya nake saye hannun majeman unguwarmu in kai Kano, kuma ni nake nemo musu bagaruwar jima. Ita na fita nema, amma hankalina na gida. Kwana uku kafin nan wani gardi, dogarin hukuma, ya zo daga meri, wato ofishin magajin gari, ya kafa turaku kewaye da majemarmu, ya ce majalisar gari ta yanke a tashe ta saboda wari, a kai ta bayan duwatsu. Can kuwa babu ruwa, kuma ba a jima sai da ruwa.

Hanya duk rami, direba kuma kamar ana korarsa. Ɗaya abokin tafiyata ya rungume buhu yana salati, ɗayan yana barci abinsa. Ni na kasa zama wuri ɗaya. An gama yankan hatsi, dammuna jingine a gonaki, amma ko na dubi gona turakun nan nake gani.

Mirriya ta cika. Tukwane jere kamar an shanya, ga gwaiba, ga rake. Bagaruwa ta yi tsada, buhun da na saya dala goma bara yanzu sai sha huɗu. Na taya, na tafi, na dawo, mai ita ko gezau. Muka sha fura mai yaji a gindin tsamiya, wani mai jakuna ya ce in ina son araha in bi shi ƙauyensu wajen Gaffati. Ban tsaya shawara ba, muka bi shi mu uku.

Mun isa da la'asar, ƙafafuna sun yi fari. A bakin rijiyar garin na ga gwafa huɗu, kowace da igiyarta da guganta, kowace ta fuskanci wani ɓangaren gari. Wani tsoho mai gyaran igiya ya ce kowace unguwa da tata. In za a yashe rijiya ko a raba lokacin shayar da dabbobi, unguwa kan fid da mutum ɗaya ya zauna da mai gari, kuma sai wanda gidansa ke sha daga wannan gwafar.

Na ce, "Baba, in an sami mai hankali a wata unguwa fa?"

Ya ce, "Ya yi wa tasu hankali. In igiyarmu ta tsinke, matarsa ba ta kwana da ƙishi." Sai ya dube ni. "Ku mutanen birni da kuka yi zaɓe, wa ke riƙe da taku igiyar?"

Na shiga tuna yadda muka yi zaɓen. Ranar zaɓe takarda mai launi aka ba mu, sunaye jere, jeri ɗaya na gari duka. Na jefa, na kuma sa majema suka jefa. Da na bi sunayen a zuci, sai na ga akawu ne da manyan 'yan kasuwa da malaman lakwal, wato makarantar boko. Mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma ba ɗaya da ke kwana a unguwarmu, ba ɗaya da zan tare a masallaci in ja masa hannun riga. Warin majema kawai iska ke kai musu, ba ta kai musu labarin gidajen da ke ci daga gare ta.

An ba mu tuwon gero da miyar kuka, na sayi bagaruwa buhu shida a dala tara tara. Abokaina suka so mu ƙara kwana, na ƙi. Washegari muka biyo jakuna a ƙasa har Zinder.

Na tarar turaku na nan, an ma shafa musu farar ƙasa. Ban sauke kaya ba na wuce gidan wani ɗan majalisa da na sani tun muna yara, na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Ya yarda. Muna fitowa ƙofar gidansa ya tsaya, ya ce, "Ta ina ake bi ne?" A garin nan aka haife shi.

Ya zo, ya ga kwatarniyoyi, ya ga nisan ruwa, ya ce zai nemi a ɗaga mana zuwa bayan damina. Na gode masa, amma alfarma ce, gobe wani gardi na iya dawowa. Shi ya sa na tara majema da mahauta da masu rini, muka sa malamin lakwal ya rubuta wa meri: a raba gari unguwa-unguwa, kowace ta zaɓi nata.

Abin da na samo a wannan tafiya ya fi buhu shida. Ko sun karɓa ko sun ƙi, ni dai na daina jefa takarda ga wanda sai na nuna masa hanyar gidana.