Layi Ɗaya a Ƙarƙashin Mai Aikin

A duk gidanmu na unguwar Aboabo, a Gana, ni kaɗai ce na shiga boko, kuma sai da Baba ya sha surutun maƙwabta a kan haka. A ƙarshen 1969 ina makarantar midil, saura shekara guda in zauna jarrabawar fita. Babu abin da nake so a duniya kamar wannan jarrabawa.

Tichan Turancinmu wani dogon Ba'asante ne mai saurin fushi. A zangon nan ya kafe a kan abu ɗaya, sabjek da firediket. Zai rubuta jimla a allo, mu ja layi ɗaya a ƙarƙashin wanda ake magana a kansa, layi biyu a ƙarƙashin abin da aka faɗa game da shi. Wanda ya amsa tambaya da guntuwar magana kuwa, rula ce rabonsa. Ni dai na iya abin har ina jin kaina. Tallan motoci da na gani a hanyar Alabar ma sai na raba shi biyu a zuciyata.

Sai gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Benci ya fara zama fili. Yau babu wance, gobe babu wane, ticha bai fasa rubuta jimlolinsa ba.

Baba a Aboabo aka haife shi, a nan yake sayar da goro tun kafin ya yi gemu. Kakanmu ne ya zo daga Tawa. Amma a Zongo, wato unguwanninmu na baƙi, idan aka tambayi mutum garinsu, garin kakansa yake faɗa, ko da bai taɓa taka shi ba. Haka aka saba, kuma da haka ake sanin ɗan mutunci.

Ya ɗauke ni zuwa ofishin da ake ba da takardar zama don in yi masa tafinta. A hanya yana ta cika baki. "Yarinyan nan ya iya Turanci paa. Yau za su san ban yi asaran kuɗin makaranta ba."

Da layi ya zo kanmu, akawun bai ko ɗaga kai ba, ya tambayi garinmu.

"Gaya mishi mu mutanen Tawa ne," in ji Baba.

Na rage murya. "Baba, ka ce Aboabo. Nan aka haife ka."

Ya harare ni. "Aboabo gari ne? In yi musun ubana saboda takarda? Faɗa mishi!"

Na faɗa. Cikakkiyar jimla na yi, mai kai da gindi, irin wadda ticha zai ji daɗinta. Akawun ya rubuta, ya nuna mana ƙofa da bakin biro. Baba ya fito yana murmushi, yana zaton Turancin ya yi aiki, sai da muka kai bakin titi na iya gaya masa an hana mu takardar. Na ji haushinsa ranar, har yau kuma ban gama jin haushin ba, Allah ya jiƙansa.

Ranar da na je sallama, ticha ya miƙo mini gwajin makon, duka na ci. Ya ce in ci gaba da karatu a can. Bai san a can Faransanci ake yi ba, ni ma ban sani ba sai da babbar mota ta sauke mu.

A Tawa aka ce na yi girma da aji ɗaya, sauran azuzuwan kuma ba zan ji komai ba. Mutanen garin da Baba ya ƙi yin musunsa kuwa 'yan Gana suke kiranmu. Ban ƙara zama a aji ba. Har yanzu in na ga Turanci a jikin kwali, yatsana kan ja layi ɗaya, ya ja biyu, sannan in yaga kwalin in hura wuta da shi.