Jar Saniyar da Ba ta Shiga Rabo ba

Jiya na ga samari a ƙofar gida suna share rairayi da tafin hannu za su yi dara, sai na ji na koma yarinya 'yar shekara tara a rugarmu ta gabas da Sule Tankarkar. Ka yi haƙuri da surutun tsohuwa, ka zauna ka ji.

Lokacin Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba. Babana ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Ya bar Inna, ya bar ni 'ya tilo, sai ƙanensa da nake kira Baffa, da shanu goma sha shida. Bayan sadakar arba'in Arɗo ya aika Gumel aka ɗauko malamin da ya san rabon gado. Ya zo a kan jaki, ɗan tsoho siriri, ɗalibinsa na biye da shi a ƙasa, wani saurayi mai sabon gemu da yake ta shafawa kamar za a ƙwace masa.

Daga baya na ji yadda malamin nan yake koyarwa. A zaurensa ba ya ba kowa amsa. Matakan lissafin gado yake haddatar da su, wannan bayan wannan, su yi ta zanawa a ƙasa suna gogewa. In ya ga hannun ɗalibi ya faɗa, sai ya tafi da shi gidan da aka yi rasuwa ta gaske, ya zaunar da shi gaban magada, shi kuma ya koma gefe da carbinsa.

Haka aka yi a gindin tsamiyar rugarmu. Ɗalibin ya share rairayi, ya tambayi magada, ya ce matar mamaci tana da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya tana da rabi, ɗan'uwa ya kwashi ragowa. Da ya ji shanun sha shida ne, har murmushi ya yi don daɗi. Inna biyu, ni takwas, Baffa shida, babu ko ƙaho da ya yi saura. Ya shiga nuna shanun ɗaya bayan ɗaya, jar saniyarmu mai karyayyen ƙaho ta faɗa a kason Baffa.

Saniyar nan ita Inna take tatsa kowace safiya, da nononta take zuwa kasuwa ta dawo mana da gero. Inna tana cikin bukka tana takaba, kuma tana jin komai ta bayan zana. Amma ka san mutanenmu da kunya. Ko wuƙa aka sa mata ba za ta ɗaga murya a kan dukiya a gaban ƙanen mijinta ba.

Malam bai ko dubi rairayin ba. Ya ce, "Lissafinka ya yi kyau. Maimaita mini matakan daga farko."

Ɗalibin ya ce, "Allah gafarta Malam, a san magada, a san kason kowa..."

"Kafin wannan."

"A fitar da kayan jana'iza da wasiyya."

"Kafin wannan."

Saurayin ya daina shafa gemu. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "A ware abin da ba na mamaci ba."

"To, wa ka tambaya?"

Bai tambayi kowa ba. Shi ɗan birni ne, bai san cewa a ruga saniyar sadakin mace tana zama cikin garken mijinta ne, ta yi ta haihuwa a nan, baƙo ya ɗauka duk na maigida ne. Malam bai yi masa faɗa ba, bai kuma karɓe aikin ba. Ya ce ya tashi da ƙafarsa ya tambayi Arɗo ko akwai wanda ya halarci ɗaurin auren. Arɗo ya ce shi da kansa ya riƙe igiyar jar karsanar da aka ba da sadaki. Aka juya ga Baffa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Haka ne. Ita da 'ya'yanta huɗu na matar yayana ne." Ban riƙe shi a zuciya ba, don shi ma yana da bakuna a gida, kuma da aka tambaye shi bai yi ƙarya ba.

Ɗalibin ya goge kyakkyawan lissafinsa da hannunsa. Saura shanu goma sha ɗaya, waɗanda ba sa rabuwa gida takwas ko ta ina ka ɓullo musu. Sai da aka kira dattawa suka kimanta kowace, wannan bijimin ya yi karsana biyu, waccan tsohuwar ba ta kai ɗaya ba. Yana zufa yana zanawa har la'asar, Malam na gefe yana cewa kawai, "Sai me kuma?" Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya burge ni kamar tsohon nan ba.

Da aka maido jar saniyar turkenta, Inna ta fito da ƙwarya. Ta durƙusa, ta jingina goshinta a jikin saniyar, ta yi ta kuka. Tun da Baba ya rasu ban ga hawayenta ba sai ranar. Nonon saniyar nan ya riƙe mu har na yi aure.

Yanzu jikokina suna kwaleji, suna zuwa da littattafan lissafi masu matakai a jere, kuma suna da sauri, Allah ya ƙara musu. Ina dai yawan tambayarsu ko malaminsu yana fita da su wajen mutane, sai su yi dariya su ce Kaka ta fara. Ina ƙyale su. Amma na san da Malam ya bar amsar farko ta wuce, duk wanda ya duba zai ce daidai ce, Inna kuwa har ta koma ga Allah ba za ta ce uffan ba.