Inna Ramata, mai dama madarar yaran tamowa

Da ta idar da sallar asuba, Inna Ramata takan yafa mayafi ta nufi likita, wato asibiti, da ƙafa. Kafin ma'aikata su iso, ta share ɗakin yara masu tamowa, ta tafasa ruwa, ta dama madarar magani. Daga nan sai ta bi gadaje tana duba wanda ya sha da wanda ya ƙi. Yaron da ya ƙi, takan ɗora shi a cinya tana ɗiga masa da cokali, tana yi masa surutu har ya haɗiye. Haka ta yi sama da shekara ashirin a Agadas. A watan jiya ta aje aiki saboda gwiwoyinta sun gaza, kuma ta fita ƙofar nan kamar kullum, ba taro, ba jawabi.

Ba ta yi karatun aikin likita ba. Daga Tasawa ta biyo mijinta ɗan kasuwa, aka ɗauke ta aikin dafuwa. Amma ku tambayi Zulaiha, mai sayar da ƙosai a unguwar Tudu. Mijinta Mourtala ya tafi haƙar zinariya a Jado, labari ya ɗauke. Abinci ya yi ƙaranci a gida, ɗanta Issouf ya fara kumburi, ita kuwa tana murna wai yaro ya yi ƙiba. Da aka kwantar da shi, ba a yi nisa ba Inna Ramata ta tarar da ita tana ɗaure kaya.

"Ina zuwa, ɗiyata?"

"Gida, Inna. Na baro yara biyu, ba mai ba su ko ruwa."

"In kin fita da wannan, ba za ki dawo da shi ba. Kwance kayanki, ki kwatanta mini gidan."

Da la'asar Inna Ramata ta je ta kwaso yaran ta kai gidanta, suka zauna cikin jikokinta har aka sallami Issouf. Yau yana lakkwal yana karatu, kuma Zulaiha ba ta iya ba da labarin nan ba tare da ta share ido ba.

Sai dai ba kowa ya tsira ba, kuma ita ba ta mantawa. Da na ziyarce ta, ba ta fara da Issouf ba, da ɗiyar Souwaiba ta fara. Souwaiba ta taso daga wani ƙauye bayan Ingal, ta daɗe tana jiran mota, ga yarinya tana zawo. Ta iso da ita a goye, jiki ya saki. An yi iya yi, yarinyar ta cika a hannun Inna Ramata kafin azahar.

"Uwar ta ce mini ta zaci haƙori ne," in ji ta. "Ba wanda ya taɓa gaya mata. Da wani ya duba ƙafar yarinyar nan tun a gida, da yanzu ta isa talla."

Tun daga ranar, in ta tashi aiki sai ta shiga unguwannin bakin gari, ba wanda ya aike ta. Takan danna ƙafar yaro da babban yatsa, in wurin ya lotsa ta ce a kai shi likita yau, ba gobe ba. Ta koya wa mata dama kunun hatsi da ƙuli-ƙuli da garin zogale. Wasu sun rufe mata ƙofa, wani maigida ya ce ta zo tona masa asiri ne. Washegari ta koma ta gaishe shi da ladabi, ta nemi ganin yaron.

Inna, ke ce uwar waɗanda ba ki haifa ba. Kin ga abin da garin nan ya kau da kai daga gare shi. Abin da ke damuna, manyan motoci suna shiga da fita, ana zancen zinariya dare da rana, amma gadajen ɗakin nan ba su taɓa zama wayam ba. Yanzu kin zauna, unguwannin da kike bi ba mai bin su. Mun bari kin yi aikin ke kaɗai har ƙafafunki suka ƙare.

Na tambaye ta me take so a yi mata. Ta daɗe tana murza gwiwa kafin ta amsa.

"Ni kam na ci na sha. A samu mai shiga gidaje, shi ke nan. Yatsa kawai ake buƙata, kowa yana da shi."

Mun gode, Inna Ramata. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da gidan Aljanna. Mu kuma da ƙafafunmu ke da sauran ƙarfi, akwai yaro a maƙwabta da aka kwana biyu ba a ji ƙiriniyarsa ba. A yi sallama a shiga.