Yatsan da Muka Hana Lalle

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa zaman gida ya ishe ni, sai na shiga sahun masu sa kai, muna bi unguwa-unguwa muna jan hankalin matasa su fito zaɓe. Maza suka ɗauki majalisun samari da teburan masu shayi. Ni da yake mace ce, aka bar mini cikin gidaje.

A Tudun Wada na haɗu da ita. Mai ƙunshi ce, siririya, bakin nan kamar reza, aurenta bai shekara ba, ga ƙaramin ciki. Mijinta kafinta ne, daga wani ƙauye na gabashin Sakkwato ya auro ta. Tsakar gidanta kullum cike yake da 'yan mata, kowacce ta miƙe ƙafa an ɗaure mata da leda. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, yau ga masu sauraron da ba su da halin tashi su gudu.

Na yi ta zuba, daga 'yancin ɗan ƙasa har zuwa makomar 'ya'yanmu. Ko kai ba ta ɗaga ba. Sai da na kai aya ta ce, "Malama, ni abu guda nika so. In tahi gida in haihu gaban innata. 'Yan bindiga sun tare hanyarmu. In na dangwala, hanyar ga na buɗewa?"

Kowa ya san haihuwar fari a gida ake yin ta, uwa ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa. Ba wani abin a zo a gani yarinyar nan ta roƙa ba. Na ce mata da ƙuri'a ake murɗa kunnen shugabanni, in muka fito da yawa dole su ji. Na yarda da abin da na faɗa, har yau kuma ban ce ƙarya na yi ba.

Daga ranar ta fi ni zaƙewa. A lokacin ana ta cewa na'urar tantance masu zaɓe ba ta gane yatsan da ya sha lalle, sai ta kafa doka a gidanta: duk wadda ta zo ƙunshi za a yi mata ko'ina, ban da babban yatsa. Har amarya ba ta ɗaga wa ƙafa ba. Dangin ango suka yi mata caa, ta ce wanda bai so ba ya nufi Ƙofar Rini, can ma akwai masu lalle. In ka ga budurwa hannu jawur, babban yatsa fari fat, ka san daga inda ta fito. Ina tsokanarta da shugabar zaɓe ta Tudun Wada, ita kuma ta sa mini Malama rediyo.

Ranar zaɓe ta zo da 'yar kujerarta, ciki ya yi gaba, 'yan matanta na biye da ita. Ranar Sakkwato ta gasa mu son ranta. Da ta fito ta ɗaga mini yatsa, tawada a bakin farce, tana dariya. Daɗin da na ji a wurin nan, ban ji irinsa ba duk shekarun da na yi a aji.

Hanya ba ta buɗe ba. Da ciki ya tsufa, uwar ta aiko cewa tunda 'ya ba ta iya zuwa, ita za ta zo. Ta daka garin kunu da yajin jego, ta shiga motar kasuwa. A hanya aka tare motar, aka kora su daji. Daga baya wasu sun dawo, ita ba ta cikinsu. Har yau ba gawa, ba labari.

Da ta haihu, ni na yi mata wankan jego. Ina tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ina fyaɗa mata, tana kallon ƙofa. Tawadar zaɓe ba ta ma gama fita daga farcenta ba. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ke kika ce ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi, don shirun nan ya fi komai ci mini rai.

Da wani zaɓen ya kewayo na sake ɗaukar jakata. Gidanta na bari a ƙarshe, kuma da na shiga sai na fake da cewa ƙunshi na zo. 'Yarta na wasa a gefe, 'yan mata na zaune kamar da, kowacce yatsunta duka a ɗaure. Na miƙa hannu, na lanƙwashe babban yatsana cikin tafi yadda muka saba.

Ta kama shi a hankali ta miƙar. Ta ce, "Malama, bari in ruhe shi. Na bar nawa hwari, inna ba ta iso ba."

Ina da amsa a bakina. Na'urar yanzu har fuska take dubawa, kuma wanda ya ƙi fita ya bar wa wasu su zaɓa masa. Duk na haddace, na faɗa a gidaje da yawa a makon nan. Na dubi hannunta a kan nawa, na haɗiye amsar. Na bar mata yatsan, ta shafe shi da lalle, ta ɗaure da leda.