Saura Ɗaya

Ranar wata Talata ce, a ƙarshen lokacin agwaluma, shekarar da nake aji biyu na firamare. Zafi ya hana mu zama a aji, sai malamarmu Anti Bisi ta kora mu waje, ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ofishin hedimasta, ta ce yau za mu fara lissafin rabawa. Doguwar Bayarabiya ce mai tabarau, ba ta rabuwa da siririyar bulala, ko da yake ta fi yin nuni da ita a kan duka. Ta zaɓo mu goma sha uku ta jera, ta zana da'ira huɗu a ƙasa, ta ce mu riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya har kowace da'ira ta samu daidai da 'yar'uwarta. Yara suka yi ta tsalle suna faɗawa ciki, uku nan, uku can. Ni ce ƙarshen layi saboda gajarta. Ina ɗaga ƙafa zan shiga, ta tare ni da bulala, ta juya ga 'yan aji ta tambaye su wani abu da Yarbanci. Suka amsa baki ɗaya, har da jan murya kamar waƙa: "Eni kan lo ku!" Sau uku ta sa suka maimaita, bulalar tana kan kafaɗata.

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife ni, amma Yarbancina a lokacin bai wuce na sayen gishiri da gaisuwa ba. Inna daga Arewa aka kawo ta, ba ta fita, ba ta kuma yarda a yi mata wani yare a ɗaki, ni kuwa kullum ina maƙale da zanenta. Duk da haka akwai kalma ɗaya da ba sai an fassara mini ba. Shekara guda kafin nan na raka Inna wani ƙaramin asibiti a Mokola da ƙanwata Maryam, jaririya ce, zazzaɓi ya ci ƙarfinta. Ina riƙe da fulas a bakin ƙofa na ji wata nas ta ce wa 'yar'uwarta a hankali, "O ti ku." Ban san me ta ce ba sai da na ga Inna ta zube a ƙasa. Daga ranar na san "ku" mutuwa ce, kuma na san "eni kan" mutum ɗaya ne. Saboda haka abin da na ji a ƙarƙashin mangwaron nan shi ne aji guda, har da ƙawayena, suna sanar da cewa mutum ɗaya ya mutu, malama kuma tana nuna wanda ake nufi.

Ban yi kuka ba, tsoron ya fi ƙarfin kuka. Na koma gida ina jiran abin ya zo. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, ga rijiya a gefe, ga kwandunan goron Baba an lulluɓe su da ganye a inuwa, domin goro yake saya a hannun Yarbawa yana aikawa Arewa. Da la'asar nakan ja guga, in yi wanke-wanke, in ɗauki allona in tafi makaranta, in na dawo mu zauna wasan carafke da 'ya'yan agwaluma har a kira magariba. Ranar duk na yi waɗannan, amma ina yi ina taɓa ƙirjina in ji ko yana bugawa. Faɗa wa Inna kuwa ba ya cikin lissafi. A gidanmu ba a ambaton mutuwa a kan mai rai, ko da wasa ka yi, za ta buge maka baki ta ce, "Tofar da yawu, mai mugun baki." Sai na koma ga abin da na iya. Bayan kowace sallah ina ɗaga hannu in ce Allah kada ya zama ni, Allah ka kai shi wani wuri.

Kwana uku ban mutu ba. A na huɗu ƙanena Nasiru, autanmu, ya tashi da jiki zafi zau, idanunsa jajur, kafin yamma ƙyanda ta feso masa. Aka keɓe shi a ɗakin Inna don kada mu ɗauka. Mu biyar ne, kuma a gidanmu biyu-biyu ake ci a kwano: Yaya Hadiza da Yaya Kabiru kwano ɗaya, ni da ƙanwata Ummi kwano ɗaya, Nasiru kuma dama yakan tsoma hannu duk inda ya ga dama. Da aka zuba abincin rana na ga kwano biyu a tsakar gida, kowanne da mutum biyu, ga ɗan ƙaramin kwano an nufi ɗaki da shi. Biyar a raba biyu-biyu, saura ɗaya. Na roƙi a kai shi wani wuri, ga shi an kai. Ni na jawo wa Nasiru, haka na yanke wa kaina hukunci ina 'yar shekara bakwai.

Babu irin dabarar da ban gwada ba don rabon ya fita daidai. In na koma kwanon Nasiru, Ummi ta zama ita kaɗai. In na jawo Ummi wurin su Yaya muka zama huɗu, Nasiru yana nan shi ɗaya. Na gwada sa kyanwar gidan a ƙidaya, zuciyata ta ce ba a yaudarar lissafi da kyanwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na tuna in da Maryam tana nan da mu shida ne, kwano uku, babu saura. Sai na riƙa zama a bakin ƙofar ɗakin ina sauraron tarinsa, ina tura loma da ƙyar, Inna tana faɗa wai na cika kwaɗayin a tausaya mini.

A makaranta kuma rabawa ta ci gaba, yanzu da 'ya'yan agwaluma, kowa da nasa cikin gwangwanin madara. Ni dai na ƙudura ba za a sake samun saura a hannuna ba. In Anti Bisi ta ce a raba tara gida biyu, sai in yi huɗu da huɗu, in faki idonta in jefa ta taran a baki, in ɓoye ta a kumatu. A littafi kuwa amsar kawai nake rubutawa, gurbin saura in bar shi fayau. Jan biro ya cika mini shafi. Ni da nake cikin na gaba-gaba a tarawa da ɗebewa, na koma abin nuni. Ran nan ta tsaya a kaina ta ƙirga 'ya'yan ta ga babu ɗaya, ta duba ƙarƙashin benci, sannan ta dubi kumatuna. Ta ce in buɗe baki. Na ƙi. Ta ɗaga bulala, a firgice na ja numfashi, ƙwallon ya zarce maƙogwaro. Sai da ta kifa ni a cinyarta ta yi ta bubbuga bayana kafin ya faɗo. Ba ta dake ni ba, ta dai ce gobe kada in zo sai da mahaifina.

Baba ya baro rumfar goro ya zo, abin da bai taɓa yi wa kowa a cikinmu ba. Suka yi magana da Yarbanci, ta nuna masa littafin, ta nuna masa ƙwallon. Ya ba ta haƙuri, ya kama hannuna muka fito. Baba ba mai duka ba ne, shirunsa ake tsoro. Sai da muka wuce hayaniyar 'yan okada a Mokola muka shigo layinmu, ya zauna a kan dakalin wani shago da bai buɗe ba, ya tambaye ni me saura ta yi mini. A nan kukan da na riƙe tun Talatar farko ya ɓalle. Na faɗa masa komai: da'irar, bulalar, addu'ar da na yi, da kwanon Nasiru. Na ga dariya ta taso masa, tana isa baki na ambaci Maryam, sai ta koma. 

"Balaraba," ya ce, "in Innarki ta ce ki miƙo mata kuka za ta kaɗa miya, zama kike ki yi ta hawaye?"

Na ce a'a.

"To, ai kalmar ɗaya ce, sauka da tashin murya ne suka raba su. Yarbawa ma haka. In muryar ta hau sama, mutum ya mutu. In ta sauko ƙasa, ya rage ke nan, yana nan. Cewa suka yi ke kika rage."

Ya faɗi kalmar sau biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya sa na maimaita har kunnena ya kama bambancin. Da muka isa gida ya ɗebo dabino goma sha ɗaya daga aljihu, ya tara mu, ya ce in raba mana mu biyar. Na ba kowa biyu, na ware na Nasiru, guda ɗaya ya rage a tafin hannuna, ina jin nauyinsa. Baba ya tambayi su Yaya, a gidan nan in an yi rabo abu ya ragu, na wa ne? Suka ce na auta mana. Ya ce to in kai masa. Daga bakin ƙofa na miƙa wa Inna dabino uku, na ce ɗayan saura ne.

Ba zan ce tsoron ya tafi a ranar ba. Na yarda da Baba, amma kunnena yana ɗakin nan har mako ya zagayo. Sai ranar da Nasiru ya fito, duk ya rame, fatarsa tana saɓa, ya zo ya tsoma hannu a kwanonmu ba sallama ya kwashe naman, sannan na ci abinci na ƙoshi. Ummi ta kai ƙara, ni kuwa na tura masa kwanon gaba ɗaya.

Yau ni ke koya wa yaran layinmu lissafi da yamma a zauren gidan. Yarbanci a bakinsu ya fi nawa gudu, in na ba su labarin nan dariya suke har da riƙe ciki. Da marafan lemo muke rabawa, ban taɓa tsayar da yaro a wajen da'ira ba, kuma wanda ya fi ƙanƙanta shi ke tafiya da saura. Da Baba ya rasu, wata tsohuwa da ta yi shekaru tana kawo masa goro ta zo gaisuwa. Ta riƙe hannuna da na Nasiru, wanda yanzu ya fi ni tsawo da gemunsa, ta yi mana addu'ar da Yarbawa kan yi a gidan makoki, cewa Allah ya raya waɗanda suka rage. Kalmar nan ce dai ta fito daga bakinta. Na kasa kunne kamar yadda Baba ya koya mini a kan dakali, na ji muryar ta sauko ƙasa.