Darar Isyaku a Bakin Tekun Tarut

Riyad

Mun sallame Asuba a masallacin unguwarmu ta Al-Oud, ranar wata Juma'a cikin sanyi, muka shiga motar Sani. Mu uku ne: ni, da Sani direba, da Isyaku, ɗalibi ɗan Maraɗi. A bayan mota akwai buhun ƙirare da kwandon bawon kifin teku da muka roƙo a kasuwa.

Isyaku ne ya ƙirƙiro wasan. Dara ce irin tamu ta gida, amma ƙirare su ne bishiyoyin ƙurum masu tsirowa cikin ruwan gishiri, bawo kuma shi ne jatan lande da kaguwa da ƙananan kifi da ke girma a gindinsu. Kowane ɗan wasa yana da ƙirarensa da bawonsa. Idan ka jera uku ka ci ƙiraren abokin wasa, dole ka kwashe duk bawon da ke maƙwabtaka da shi, har da naka. Wasu masu shirya ranar wayar da kai a tsibirin Tarut sun ba shi yammaci ɗaya tak ya gwada a gaban jama'a. In mutane sun tsaya, za a sa shi cikin shirin baɗi. In ba su tsaya ba, shi ke nan.

Hanyar Dammam

Kilomita kusan ɗari huɗu ce, shimfiɗaɗɗiya, rairayi dama da hagu. A shingen 'yan sanda aka duba iƙamarmu, wato katin izinin zama. Jami'in ya leƙa buhu ya tambaya ko gasa nama za mu yi.

"Daji za mu dasa, ranka ya daɗe," in ji Sani da Larabcinsa na titi. Jami'in ya yi murmushi ya ɗaga mana hannu.

Muka tsaya a wani gidan mai muka sha shayi da gurasa da wake. Isyaku bai ci ba, yana ta maimaita jawabinsa.

"Malam, ka taɓa ganin teku kuwa?" Sani ya tambaye shi.

"Na karanta shi sarai."

"To, Allah ya sa shi ma ya karanta ka."

Tarut

Da hantsi muka haye gadar shiga tsibirin. Ga bishiyoyin ƙurum gajeru, kore shar, saiwoyinsu a tsaye cikin laka kamar ƙusoshi. Masu shirya taro suna can sama kusa da titi suna kafa rumfuna kan busasshen yashi mai zubewa. Can ƙasa kuwa ga fili sumul, mai danshi, babu kowa. Duk wanda ya taɓa haƙa gurbin dara ya san irin wannan ƙasa ake nema. Muka yi mamakin yadda aka bar mana ita. Muka haƙa gurabe talatin manya-manya, muka kafa ƙirare, muka tafi masallacin Juma'a, daga nan muka ci shinkafa da kifi.

Da muka dawo kafin La'asar, teku ya riga mu zuwa. Layi biyu na gurabenmu sun nutse, ƙirarenmu suna yawo a kan ruwa. Dukanmu 'yan tudu ne. A saninmu ruwa yana cika da damina, ya janye da rani. Babu wanda ya tuna cewa wannan yakan tafi ya dawo a yini guda.

Isyaku ya naɗe jallabiya ya faɗa ruwa yana kamun ƙirare, Sani na biye yana ihu, "Ga ɗaya can, Malam, ya kama hanyar Bahrain!" Dariya ta jawo mutane daga rumfuna: iyalai, da yara, da ma'aikata 'yan hutu.

Na ce masa, "Isyaku, dubi bayanka. Ga jama'arka sun zo."

Ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Sai ya haura sama kaɗan ya fara sabuwar haƙa da hannu, yana bayani. Yara suka durƙusa suka taya shi. Wani dattijo ɗan garin ya zauna ya karɓi ƙirare da bawo, ya ce shi zai fara. Ya jera uku, ya zare ƙiraren Isyaku da murna. Isyaku ya nuna masa bawo huɗu da zai kwashe, uku nasa ne.

"Ya shaikh, ai ni na ci!"

"Ka ci bishiya, Baba. Jatan landen ina za su kwana?"

Dattijon ya dubi ƙurum ɗin da ke gabanmu, ruwa ya kai musu wuya. Ya mayar da ƙiraren gurbinsa a hankali, ya ce a sake. Sau biyu muka ƙara matsawa sama saboda ruwa, mutane na matsawa tare da mu, har aka kira Magariba.

Shugabar masu shirya taron ta zo ta ce wa Isyaku ya dawo baɗi. Ta ƙara da cewa, "Amma ka fara tambayar teku inda zai bar maka."

Komawa

Mun kwana a ɗakin wani ɗan'uwan Sani a Dammam, Allah ya saka masa da alheri. Washegari da Azahar muka shigo Riyad lafiya, muna gode wa Allah. Isyaku ya ƙirga ƙirarensa a ƙofar gida, bakwai babu. Sani ya ce kada ya damu, an dasa su a Bahrain.